Hotunan bugun katako na Japan: daga kuɗin taliya zuwa miliyoyin daloli

A watan Nuwamban shekarar 2025, kamfanin gwanjo na Sotheby's ya sayar da wata takarda guda, wadda tsawonta bai kai kamu ɗaya ba, a kan kuɗi kimanin dalar Amurka miliyan 2 da dubu 800 a birnin Hong Kong. Takardar tana ɗauke ne da hoton nan da aka fi sani da Babbar Igiyar Ruwa ta Kanagawa, wanda mai zane ɗan ƙasar Japan, Katsushika Hokusai, ya zana a wajejen shekarar 1831. Kafin wannan rana ba a taɓa biyan irin wannan kuɗi a kan hoton a bainar jama'a ba.

Takardar ta fito ne daga gidan adana kayan fasaha na Okada da ke garin Hakone, kuma rahotanni sun ce an fitar da ita kasuwa tare da wasu kayayyaki fiye da 100 ne domin mai gidan, attajiri Kazuo Okada, ya samu biyan bashin da lauyoyinsa ke bin sa.

Ba wannan ne karo na farko da farashin hoton ya yi tashin gwauron zabi ba. A watan Maris na 2021 kamfanin Christie's ya sayar da wani kwafinsa a birnin New York a kan dala miliyan 1 da dubu 590. Shekaru biyu bayan haka, a watan Maris na 2023, wani kwafin ya kai dala miliyan 2 da dubu 760 a wannan kamfani, alhali ƙiyasin da aka yi masa tun farko bai wuce dala dubu 700 ba. A watan Yulin 2024 kuma babban bankin Japan ya fitar da sabuwar takardar kuɗi ta yen 1000 ɗauke da hoton a bayanta, lamarin da ya ƙara masa suna a kan wanda yake da shi.

Irin waɗannan alkaluma su ne ke jan hankalin mutane da dama a Amurka da Turai da gabashin Asiya zuwa ga sayen hotunan bugun katako na Japan da niyyar ajiyewa a sayar idan sun yi tsada. Sai dai kuma masu lura da wannan kasuwa na nuni da wani abin da ba kasafai yake fitowa a kanun labarai ba. A watan Satumban 2024, wato tsakanin waɗancan manyan cinikayya biyu, an sayar da wasu kwafi biyu na wannan hoto a New York, kowannensu a kan kuɗin da bai kai dala miliyan 1 ba. Hoto iri ɗaya ne, mai zane ɗaya, zamani ɗaya, amma farashin ya bambanta da ninki uku. A wannan tazara ce dukkan ilimin wannan sana'a, da ribarta da asararta, suka ta'allaƙa.

Kayan talakawan birnin Edo

Abu na farko da ke ba baƙon wannan harka mamaki shi ne, waɗannan hotuna da Japanawa ke kira ukiyo-e ba domin sarakuna ko gidajen tarihi aka yi su ba. Haja ce ta kasuwa a birnin Edo, wanda ake kira Tokyo a yau, ana buga su da yawa ana sayar wa 'yan tireda da masu sana'ar hannu da matafiya. Suna nuna 'yan wasan kwaikwayo na kabuki, da 'yan kokawar sumo, da matan unguwannin shaƙatawa, da jarumai na tarihi, daga bisani kuma wurare da hanyoyi da duwatsu. Masana tarihi sukan kwatanta kuɗin takarda guda da kuɗin kwano biyu na taliyar soba. Hasali ma a shekarar 1842 hukumomi sun ƙayyade cewa kada a sayar da hoto guda fiye da mon 16, wanda shi ne kuɗin kwanon taliya ɗaya a lokacin.

Mutane huɗu ne ke da hannu a kowane hoto. Akwai mawallafi, wanda shi ke zuba jari, ya zaɓi abin da za a zana, kuma shi ke mallakar allunan. Akwai mai zane, wanda sunansa ke fitowa a jikin takardar. Sai masassaƙi, wanda ke manna zanen a kan allon itacen ceri ya bi layukan da wuƙa, ta yadda zanen hannun ke lalacewa gaba ɗaya a cikin aikin. Daga nan a sassaƙa allo daban domin kowane launi. Na huɗu shi ne mabugi, wanda ke shafa launi a kan allo, ya ɗora takarda mai ɗan danshi da aka yi da ɓawon itacen kozo, ya murza bayanta da wani faifai da ake kira baren. Takarda guda takan bi ta kan alluna goma ko fiye kafin ta kammala. Wannan salo na launuka masu yawa ya kankama ne a shekarar 1765 da ayyukan Suzuki Harunobu.

Ma'anar wannan ga mai saye ita ce babu wani kwafi guda da za a nuna a ce shi ne na hannun Hokusai. Ba a sa wa takardun lamba, ba a rubuta adadin da aka buga, kuma sa hannun mai zanen ma sassaƙa shi aka yi a jikin allo. Akan buga kimanin 200 a zubi ɗaya, idan suka ƙare a kasuwa a sake bugawa, har sai allunan sun gaji ko masu saye sun gaji.

Wata mai bincike a gidan tarihi na Birtaniya da ke Landan, Capucine Korenberg, ta bi diddigin kwafin Babbar Igiyar Ruwa da suka rage a duniya, inda ta tattara hotunan guda 111, adadin da ya ɗan ƙaru daga baya. Ƙiyasin da aka yi shi ne mai yiwuwa an buga har 8000 a zamanin. Sauran sun tafi a gobara da girgizar ƙasa da yaƙi, ko kuma dai an manna su a bango har suka yage aka zubar, kamar yadda ake yi da kalandar bara.

Yadda hajar ta tsallaka teku

Bayan da Japan ta buɗe tasoshin jiragen ruwanta ga ƙasashen yamma a shekarun 1850, musamman kuma bayan baje kolin duniya na birnin Paris a 1867, Turawa sun rungumi waɗannan hotuna a daidai lokacin da Japanawa ke kallonsu a matsayin tarkacen zamanin da ya shuɗe. Akwai labarin da ake yawan bayarwa cewa hotunan sun fara isa Faransa ne a matsayin takardar naɗe tangaran, ko da yake masana da dama na ɗaukarsa a matsayin ƙarin gishiri. Abin da ke rubuce shi ne wani dillali ɗan Japan mazaunin Paris, Hayashi Tadamasa, ya shigar da takardu fiye da dubu 150 Turai a cikin shekaru goma sha ɗaya, daga 1890 zuwa 1901.

Mai zane Claude Monet ya tara guda 231 a gidansa da ke Giverny. Shi kuwa Vincent van Gogh, ɗan ƙasar Holand, ya sayi kimanin 660 daga kantin Siegfried Bing da ke Paris, kuma wani ɓangare na niyyarsa shi ne ya sayar ya ci riba. Ya baje kolinsu a wani gidan shan gahawa mai suna Le Tambourin a 1887, amma hajar ta yi kwantai. Ɗaruruwa daga cikinsu na nan a gidan tarihin da ke ɗauke da sunansa a Amsterdam. Ke nan, ɗaya daga cikin mutanen farko da suka gwada wannan fatauci, mai idon da babu wanda ke shakkarsa, bai fita da uwar kuɗinsa ba.

A wajejen 1920 ne wani attajirin Japan mai kamfanin ƙera jiragen ruwa, Matsukata Kojiro, ya sayi kimanin takardu 8000 daga hannun Henri Vever, wani maƙerin kayan ado na Paris, ya mayar da su gida. Su ne a yau ke cikin taskar gidan tarihi na ƙasa da ke Tokyo. Duk da haka, da yawa daga cikin mafi kyawun kwafi suna Boston da New York da Chicago da Landan da Paris, kuma manyan gwanjon wannan haja a ƙasashen waje aka fi yin su.

Bugu, launi da lafiyar takarda

Dillalai sukan auna hoto da ma'auni uku, bayan an tabbatar da mai zanen da kuma farin jinin zanen kansa. Na farko shi ne bugu, wato a wane mataki na rayuwar allunan aka buga wannan takarda. Itace yana cinyewa da yawan murza. A bugun farko, wanda Japanawa ke kira shozuri, layuka sirara ne masu kaifi, silin gashin kai yana fitowa ɗaya bayan ɗaya, launuka suna zaune daidai a cikin iyakokinsu. A wannan mataki ne kuma mabugi ke ɗaukar lokaci ya yi abin da ake kira bokashi, wato ya sa launi ya riƙa dusashewa sannu a hankali daga mai duhu zuwa mai haske, kamar sararin sama da almuru. Idan hoto ya samu karɓuwa, aka shiga gaggawar cika kasuwa, sai mawallafi ya fara rage aiki. A bar wani launi, a daina bokashi, a yi amfani da takarda mai araha, layuka su yi kauri su karye.

A Babbar Igiyar Ruwa, masana na duba layukan da suka kewaye akwatin rubutun da ke saman kusurwar hagu, domin ƙananan karaya da ke bayyana a cikinsu na nuna tsufan allon mataki bayan mataki. Binciken gidan tarihin Birtaniya ya nuna cewa a bugu na can baya har sake sassaƙa wasu allunan launi aka yi. Wani hoton na Hokusai da duniya ta sani da Jan Fuji ya fi nuna girman wannan bambanci, domin a bugunsa na farko-farko dutsen ba ja ba ne, ruwan hoda ne mai haske, kuma kwafin da suka rage a haka 'yan ƙalilan ne. Wato siffar da ta fi shahara ita ce ta baya, ba ita ce mafi daraja ba.

Ma'auni na biyu shi ne launi. Akasarin launukan da aka yi amfani da su kafin 1830 daga tsirrai aka samo su, kuma ba sa jure haske. Shuɗin da ake samu daga furen tsuyukusa yana ɓacewa da ɗigon ruwa kaɗan, jan beni yana koɗewa, shunayya takan koma ruwan toka ko ruwan ƙasa. Saboda haka hotunan Harunobu ko Kitagawa Utamaro da launinsu ke nan daram ba su da yawa, kuma kuɗinsu kan ninka na koɗaɗɗu sau da dama. Shuɗin Babbar Igiyar Ruwa kuwa na sinadari ne da aka fara haɗawa a Berlin, ya shiga Japan ta hannun fatake, kuma yana da juriya. Abin da ke ɓacewa a wannan hoto shi ne ruwan ɗorawa na jiragen kwale-kwale da kuma girgijen da ke sama, wanda a kwafi da yawa ya gushe ƙwata-ƙwata.

A nan akwai wani abin lura. A shekarar 1921 wasu 'yan uwa biyu na gidan Spaulding suka ba gidan adana kayan fasaha na Boston kyautar takardu fiye da 6000, bisa sharaɗin cewa ba za a taɓa rataye su a baje koli ba. Mutane da yawa sun ɗauki sharaɗin a matsayin rowa. To amma a yau waɗannan takardu su ne mizanin da masana ke komawa domin sanin yadda launukan suke tun asali. Darasin ga mai saye domin riba ba mai daɗi ba ne: hoton da ya rataye a falo yana kallo kullum, darajarsa raguwa take yi, wanda yake son ya yi tsada kuwa sai ya kulle shi a akwati cikin duhu.

Ma'auni na uku shi ne lafiyar takardar. Girman da aka fi bugawa, wanda ake kira oban, kimanin santimita 39 ne da 26, kuma takardar da aka datse wa gefe har almakashi ya ci zanen ta yi asarar da ba ta gyaruwa. Ana duba ramukan ƙwari, da alamar naɗi a tsakiya, da ɗige-ɗigen danshi, da ko an manna mata wata takarda a baya, da ko an wanke ta da sinadari, da ko wani ya bi koɗaɗɗen launi da buroshi. Ƙwararrun masu gyara a Japan na iya cike rami da zaren takarda ta yadda ba za a gani ba sai an ɗaga ta sama an haska. Gyara ba laifi ba ne, ɓoye shi ne laifi.

Bayan waɗannan akwai hatimai. Daga wajejen 1790 zuwa tsakiyar shekarun 1870 doka ta wajabta a nuna kowane zane ga masu tace ɗab'i, kuma siffar hatiminsu ta riƙa sauyawa, har ta kai ana sa shekara da wata. Da wannan ake sanin lokacin da aka amince da zanen. Sai dai sababbin shiga kan manta cewa hatimin a jikin allo aka sassaƙa shi, don haka takardar da aka buga shekaru ashirin bayan haka ma tana ɗauke da shi. Hatimin da ya fi tasiri a farashi shi ne na tsohon mai tara hotuna, kamar ƙaramin tambarin Hayashi ko na Vever, domin yana tabbatar da cewa takardar ta ratsa hannun masana tun fiye da shekaru ɗari da suka wuce.

Kwaikwayo da jabu

Hoton da injin zamani ya buga ba shi da wuyar ganewa. Tabarau mai ƙara girma zai nuna ƙananan ɗigogi, bayan takardar kuma fari fat, babu launin da ya ratso, babu sawun baren. Matsalar tana ga waɗanda aka sake sassaƙa wa alluna aka buga da hannu, da irin takardar da irin launin. Tun zamanin sarki Meiji, wanda ya fara a 1868, ake yin wannan domin biyan bukatar Turawa. Wasu gidajen, kamar Adachi da aka kafa a Tokyo a 1928, suna yin sa a fili da sunansu, kuma da su ne sana'ar sassaƙa da bugu ta rayu zuwa yau. Amma takardar da aka yi da gaskiya a 1930 yanzu ta kusa shekara ɗari, ta tsufa da kanta, kuma idan maha'inci ya datse gefen da hatimin maɗaba'ar yake, sai a sayar da ita a matsayin ta zamanin Edo. Hanya guda ta tabbatarwa ita ce a ɗora layi a kan layi da kwafin da ke gidan tarihi, domin babu masassaƙin da zai maimaita kowane yanka daidai.

Wanda ya fi shahara cikin waɗanda aka yi wa irin wannan sakiya shi ne Frank Lloyd Wright, masanin zanen gine-gine ɗan Amurka, wanda ya tsara otal ɗin Imperial na Tokyo. Shekaru da dama Wright na sayo hotuna a Japan yana sayar wa attajiran Amurka da gidajen tarihi, ciki har da 'yan gidan Spaulding. A wajejen 1920 aka gano cewa wani rukuni da ya sayar an yi musu kwaskwarima ta ɓoye a Japan, an cike ramuka an sabunta launi. Dole ta sa ya musanya wa masu saye da wasu daga taskarsa, kuma sunansa a wannan kasuwa bai sake farfaɗowa ba. A 1927 aka yi gwanjon ɗaruruwan hotunansa a New York saboda bashin banki, kuma ba su yi kuɗin da ya sa rai ba.

Matsalar ba ta tsaya a tarihi ba. A shekarar 2021 'yan sandan Tokyo sun kama wani dillali daga Osaka da wani mai ɗab'i daga Nara dangane da buga jabun ayyukan shahararrun masu zane na ƙarni na 20, bayan da aka gano kwafin bogi na ayyukan Higashiyama Kaii da Hirayama Ikuo a kasuwa. Ba duka ne bugun katako ba, amma abin da ya tayar da hankali shi ne wasu sun bi ta manyan kantunan da Japanawa ke saye a cikinsu ido rufe.

Intanet ta sauƙaƙa bincike, musamman tun da masanin kwamfuta John Resig ya samar da wata taska a 2012 da ke tattare da hotuna fiye da dubu 200 daga gidajen tarihi da dillalai, inda mutum zai ɗora hoto ta nemo masa makamantansa. To amma ita intanet ɗin ce ta yawaita cinikin biri a sama, domin hoton waya ba ya nuna kaurin takarda, ba ya nuna gyara, kuma ana iya ƙara masa launi kafin a ɗora.

Sabon bugu na ƙarni na 20

Ɓangaren da ya fi jan ƙananan masu saye shi ne abin da ake kira shin-hanga, wato sabon bugu, wanda mawallafi Watanabe Shozaburo ya assasa a farkon ƙarni na 20. Fitaccen mai zanensa shi ne Kawase Hasui, wanda ya rasu a 1957 bayan ya yi zane kimanin 600 na ƙauyuka da wuraren bauta da dusar ƙanƙara da ruwan sama. Marigayi Steve Jobs na kamfanin Apple na cikin masu sayen ayyukansa, kuma hoton wata mace mai taje gashi na Hashiguchi Goyo ya bayyana a fuskar kwamfutar Macintosh a tallarta ta 1984.

A nan shekara guda ce ke raba farashi. Girgizar ƙasar da ta afka wa Tokyo a watan Satumban 1923, da gobarar da ta biyo baya, sun cinye kantin Watanabe da allunansa da hajarsa, saboda haka duk abin da aka buga kafin ta ba shi da yawa. Waɗanda aka zana bayan ta kuwa, an ci gaba da buga da yawansu daga allunan har bayan mutuwar mai zanen, kuma bambancin bugun farko da na bayan mutuwa yakan kai ninki da dama a kuɗi, alhali abin da ke raba su a ido bai wuce siffar wani ɗan hatimi ba. Yoshida Hiroshi, wanda ya rasu a 1950, ya sauƙaƙa lamarin da hatimin jizuri da yake sa wa takardun da aka buga a ƙarƙashin kulawarsa.

Lissafin riba

Alkaluman da gidajen gwanjo ke sanarwa sun haɗa da la'adar da mai saye ke biya, wadda a manyan kamfanoni ta haura kashi 25 cikin 100 a kan kaya masu matsakaicin farashi. Mai sayarwa ma yana biyan tasa, gwargwadon yadda suka daidaita. A ɗauki misali: wanda aka sallama wa hoto a kan dala dubu 10 zai biya kimanin dubu 12 da 600. Idan ya dawo da shi kasuwa aka cire masa kashi 10 cikin 100, sai tayi ya kai dala dubu 14 kafin ya mayar da kuɗinsa, wato sai farashi ya tashi da kashi 40 cikin 100, ba a ma yi maganar inshora da sufuri da haraji ba. A Amurka harajin ribar irin waɗannan kayayyaki yana kaiwa kashi 28 cikin 100, sama da na hannayen jari.

Sannan tashin farashin bai game kowa ba. Ya taru ne a kan zane 'yan ƙalilan da duniya ta haddace. A watan Maris na 2024 Christie's ya sayar da cikakken jerin hotunan Dutsen Fuji na Hokusai, takardu 46 har da Babbar Igiyar Ruwa a ciki, a kan dala miliyan 3 da dubu 560, abin da bai ɗara kuɗin takarda ɗaya tilo ta shekarar da ta gabata da wani abin kirki ba. A can ƙasa kuma akwai Utagawa Kunisada, wanda ya fi kowa kasuwa a zamaninsa, aka ƙiyasta ya yi zane fiye da dubu 20. Hotunansa na 'yan wasan kabuki, na ainihi, masu shekaru 170, ana samun su da 'yan ɗaruruwan daloli, kuma yawansu ne ke hana su tashi. Tsufa kaɗai ba ya sa tsada a wannan kasuwa.

Faɗuwar darajar kuɗin Japan ta taimaka wa baƙi. A watan Yulin 2024 dala guda ta haura yen 160, matakin da ba a gani ba tun 1986, kuma a wannan shekara baƙi kusan miliyan 37 suka ziyarci ƙasar, wasunsu suka bi ta kantunan tsofaffin littattafai da hotuna na unguwar Jimbocho a Tokyo. Sai dai farashin kanti ba shi ne farashin sari ba. Sarin ana yin sa ne a gwanjon da dillalai ke yi a tsakaninsu, wanda ba ya karɓar kowa sai mai lasisin cinikin tsofaffin kaya, kuma galibi sai wani ɗan ƙungiya ya tsaya masa. Duk wanda ya saya a kanti da niyyar sayarwa, to ya riga ya biya ribar wani.

Kasuwar kayan fasaha ta duniya ma ba ta tsaya wuri guda ba. Rahoton shekara-shekara na Art Basel da bankin UBS ya nuna cinikin ya ragu da kashi 12 cikin 100 a 2024, zuwa dala biliyan 57 da rabi. Japanawa kuwa ba su manta da ƙarshen shekarun 1980 ba, lokacin da attajiransu suka yi ta sayen zane da kuɗin bashi, har Ryoei Saito ya biya dala miliyan 82 da rabi a kan zanen Van Gogh guda a 1990, kafin tattalin arzikin ƙasar ya durƙushe bankuna su ƙwace kayan.

Akwai kuma batun doka, wanda ke ƙara nauyi. Dokar kare kayan al'adu ta Japan ta 1950 ta hana fitar da duk abin da aka yi wa rajista a matsayin muhimmin kayan tarihi, sauran tsofaffin kaya kuma akan nema musu takardar shaida daga hukumar al'adu kafin su bar ƙasar. A ɗaya hannun, tun ranar 28 ga watan Yunin 2025 Tarayyar Turai ta fara aiki da ƙa'idar da ta wajabta wa mai shigo da kayan al'adu da suka haura shekaru 200, kuma kuɗinsu ya kai euro dubu 18, ya gabatar da bayanin cewa an fitar da su daga ƙasarsu ta asali bisa doka. Wannan ya riga ya shafi ayyukan Harunobu da Utamaro da Toshusai Sharaku. Babbar Igiyar Ruwa za ta cika shekaru 200 a wajejen 2031, jerin hotunan hanyar Tokaido na Utagawa Hiroshige kuma su biyo baya da shekaru biyu ko uku.

Dillalan Turai sun yi ta ƙorafin cewa takardar da ta bar Yokohama a cikin ƙunshin ɗaruruwa a ƙarshen ƙarni na 19 ba ta zo da rasit ba, kuma magadan da suka tsince ta a akwatin kakansu ba su da abin nunawa. Idan aka tsananta aiki da ƙa'idar, ana sa ran kwafin da ke ɗauke da hatimin tsofaffin masu tarawa, ko waɗanda aka buga hotonsu a kundin wani gwanjo na da, za su ƙara tazara a kan waɗanda ba su da tarihi a rubuce, manyan cinikayya kuma su ƙara karkata zuwa New York da Hong Kong.